Ina “Juna” a Taron Ƙara wa Juna Sani?

'Yan uwa malamai, maza da mata, da iyalanmu da ke haƙuri da wannan sana'a tare da mu:

Kowa a cikinmu ya san takardar. Takan iso ofishin shugaban makaranta a tsakiyar zango, tana cewa a aiko da malami ɗaya ko biyu birni ranar Litinin domin halartar taron ƙara wa juna sani. Wanda rabo ya faɗa kansa sai ya bar ajinsa ba kowa, ya yi sammako ya nemi mota daga Jajaye ko Zarewa ko Fulatan, ya sha tafiyar sa'o'i kafin ya isa Kano. A can za a zaunar da shi a babban ɗaki tare da malamai ɗari ko fiye, a ba shi jaka da biro da littafin rubutu. Wani masani zai tsaya gaba da na'urar haska rubutu a bango, ya yi ta bayani da Turanci tun hantsi har la'asar. Ranar ƙarshe a sa hannu, a karɓi kuɗin mota da takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Malaminmu ya dawo gida, ya adana takardar a ƙasan akwati, ya koma aji ya ci gaba da koyarwa kamar yadda ya saba.

Tambayarmu ɗaya ce: ina “juna” a cikin wannan taro? Mutum ɗaya ya yi magana, ɗari sun saurara. Ba wanda ya tambayi malamin Jajaye abin da ya sani. Ba wanda ya ce masa, “Malam, kai da ka shekara ashirin kana koyar da yara ɗari a aji ɗaya, yaya kake yi?” An ɗauko suna mai kyau an laƙaba wa abin da bai cancance shi ba, mu kuma mun saba da jin sunan har mun manta ma'anarsa. Muna rubuta wannan ne domin mu ƙwato ma'anar, domin ƙwarewar koyarwa da ake fita nema a otal tana nan a cikinmu, tana tsufa, tana ritaya, tana mutuwa ba tare da an gāje ta ba.

A wata makaranta ta wannan yanki akwai wata malama da ke riƙe da aji ɗaya na firamare shekara da shekaru. Ba ta da digiri. Amma kafin zango na biyu ya ƙare, yawancin yaranta sun iya haɗa baƙi da wasali su fitar da gaɓa, su haɗa gaɓa biyu su karanta kalma. Tana da dabarar raba ajin gida huɗu, ta ɗora wa yaran da suka fara ganewa kula da na bayansu, ita kuma tana zagayawa. Tana koyar da ɗebewa da tsinken dawa ɗauri goma-goma, yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga abin da ake nufi da aro daga gidan gomomi. Katanga ɗaya ce tsakaninta da wani matashin malami da ya fito da takardar NCE shekara biyu da suka wuce, wanda kullum yake fama da yaran aji uku da ba su iya rubuta sunansu ba. Suna gaisawa kowace safiya. Suna zuwa suna da biki da ta'aziyyar juna. Amma bai taɓa zama minti talatin a bayan ajinta ya ga yadda take yi ba, ita ma ba ta taɓa leƙa nasa ba. An aika shi bita birni sau biyu. Ba a taɓa aika shi aji na gaba da nasa ba.

Irin wannan malama ba ita kaɗai ba ce. Ragowar waɗanda suka sha horo a kwalejojin horar da malamai irin na Wudil da Bichi, da waɗanda suka koyi aiki a hannun malaman da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya kawo a 1976, yanzu suna ajiye alli ɗaya bayan ɗaya. Mukan yi musu walima, mu ba su sallaya da agogon bango, mu yi musu addu'ar samun giratuti da wuri. Abin da ke cikin kansu kuwa, wato yadda ake kwantar da aji ba da bulala ba, da yadda ake gane yaron da kunnensa ne ba ya ji sosai ba wai dakiki ba ne, da yadda ake rubutu a allo na baya ya gani, duk sukan tafi da shi gida. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa muna barin tamu tana tsiyayewa a ƙasa.

Ba muna cewa bita ba ta da amfani ko kaɗan ba. Akwai sabon ilimi da dole sai daga waje zai zo. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 har kimanin shekara takwas a jihohin Kano da Jigawa da Kaduna da Kwara da Legas da Enugu, ya bar alheri, kuma waɗanda suka yi aiki a zamaninsa za su shaida. Amma mu tambayi kanmu, wane ɓangare nasa ne ya fi taɓa aji? Ba kwanakin zama a birni ba ne. Jami'in tallafa wa makarantu ne da yake zuwa har makaranta, ya zauna a bayan aji, ya tattauna da malami bayan darasi, da kuma zaman da shugaban makaranta yake yi da malamansa a kan koyarwa. Wato ko shirin da ya zo da kuɗin waje, abin da ya fi tasiri a cikinsa shi ne malami ya kalli malami. Sai dai duk abin da aka gina a kan kuɗin baƙo yakan yi sanyi ranar da baƙon ya ɗaure kayansa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma cutar da ke cikin tsarin horon miƙa-hannu, inda ake horar da mutum ashirin a Abuja ko Kaduna, su horar da ɗari biyu a Kano, su kuma su horar da wasu a ƙaramar hukuma, sannan a ce wanda ya je ya dawo ya sanar da 'yan uwansa a makaranta. Wanda ya taɓa aika yaro da saƙon baki ta hannun mutum huɗu ya san abin da ke isa. Horon mako biyu ya koma kwana uku, na kwana uku ya koma sa'a biyu, na sa'a biyu ya koma “sun ce a riƙa sa yara aikin rukuni.” Koyarwa kuwa ba saƙo ba ce da za a faɗa a kunne. Sana'ar hannu ce da ido da murya, kamar ɗinki da ƙira da gini. Gani ya kori ji.

Kada wani ya ce mana koyo daga juna baƙon abu ne da aka ɗauko daga Turai. Duk wanda ya tashi kusa da tsangaya ya san musaffa, inda alarammomi da gardawa kan haɗu, wannan ya ja karatu, saura suna saurare, in ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take. Mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka yakan kai wa 'yan uwansa su duba masa, kuma ba ya ɗaukar hakan a matsayin ƙasƙanci. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji kan zo wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su koyar da mata, su sake dawowa. A farkon shekarun 1940, malaman makaranta irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zaman tattaunawa a Bauchi, kuma da Malam Aminu ya dawo daga karatun aikin malanta a Landan, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ƙungiyarmu ta NUT kanta, wadda aka kafa a 1931, ba domin albashi kaɗai aka kafa ta ba. Har da ɗaga darajar sana'ar. Iyayenmu a wannan aiki ba su jira takardar gayyata ko kuɗin mota ba kafin su zauna.

Abin ban sha'awa ma, masanan da suka yayata wannan tunani a jami'o'in duniya, a Afirka ta Yamma suka ɗebo wani ɓangare na hujjarsu. Jean Lave, wata masaniya 'yar Amurka, ta zauna da teloli a Monrobiya ta ƙasar Laberiya tana nazarin yadda yaran shago suke koyon ɗinki. Ta ga yaro yana farawa daga aikin ƙarshe, irin su sa maɓalli da kalmasa, sannan ya hau keke, yanka kuwa sai daga baya, domin kuskure a yanka ya fi tsada. A 1991 ita da Etienne Wenger suka wallafa littafin da ya nuna cewa mutum yakan ƙware ne ta hanyar zama cikin masu sana'a, yana kallo, yana taɓawa, ana gyara masa, har ya matso daga gefe zuwa tsakiya. Kowane tela a kasuwar Rogo ya san wannan ba tare da ya karanta littafin ba. Mu ne, masu koyar da 'ya'yan telan, muka mayar da sana'armu ta kaɗaici, kowa ya shiga ajinsa ya ja ƙofa.

A Japan, malaman firamare sun fi shekara ɗari suna wata al'ada ta nazarin darasi. Malamai kaɗan za su haɗu su shirya darasi guda tare, ɗaya ya koyar da shi, saura su tsaya a gefe suna lura, ba da malamin ba, da yaran: wa ya gane, wa ya ruɗe, a wace gaɓa. Bayan an tashi su zauna su tattauna abin da suka gani, su gyara darasin. In an ce Japan ta yi nisa kuma tana da kuɗi, to ga Gana, wadda tun da ta kawo sabuwar manhaja a 2019 ta sa zaman malamai na mako-mako cikin tsarin makaranta. Ga kuma 'yan uwanmu na Nijar, a Maraɗi da Damagaram, da ke da tsarin da suke kira CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna kan haɗu a kan sha'anin koyarwa. Ba su fi mu azuzuwa masu kyau ba.

A nan dole mu juya ga malamanmu na jami'a da kwalejojin ilimi, cikin girmamawa, domin a hannunsu muka yi karatu, kuma a hannunsu 'ya'yanmu suke. Su ake ɗauko wa su tsaya gabanmu a bita su ce mana mu daina yi wa yara lacca, alhali da lacca suke faɗa mana hakan. Mu da muka koma ƙaro karatu muna da aiki, mun zauna a ɗakunan da ɗalibai suka cika har taga, mun ga malamin da ilimi ya ratsa shi amma ba ya iya fitar da shi, mun kuma ga wanda in ya yi bayani sai ka ji kamar an buɗe maka ƙofa. Su biyun a sashe ɗaya suke, ofisoshinsu suna kallon juna. Sau nawa ɗayan ya shiga ajin ɗayan? Sanin kowa ne cewa a jami'a ana ɗaukar malami ne saboda digirinsa a fanninsa, ba saboda an koya masa koyarwa ba, kuma abin da ya fi nauyi a sikelin ƙarin girma shi ne yawan maƙalun da ya wallafa. Akwai zaman gabatar da maƙala a kusan kowane sashe, inda ake yi wa bincike filla-filla. Ina zaman da ake yi wa darasi haka?

Wasu jami'o'in duniya sun farga da wannan giɓi. Jami'ar Miami ta jihar Ohio a Amurka ta fara, tun ƙarshen shekarun 1970, haɗa malamai kaɗan-kaɗan daga sassa dabam-dabam su shekara suna zama a kan koyarwa, kuma jami'o'i da yawa sun kwaikwaya. Muna da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wadda ba ta yi mana nisa ba daga nan Rogo, kuma kowacce tana da tsangayar ilimi da ta yaye dubban malamai. Roƙonmu gare su biyu ne. Na ɗaya, su fara a gida, su buɗe wa juna ƙofofin azuzuwansu, su sa iya koyarwa cikin abin da ake aunawa da gaske. Na biyu, in za su zo mana, su zo su zauna a da'ira, ba a kan mumbari ba. Farfesan lissafi yana da abin da zai ba malamar aji ɗaya, ita ma tana da abin da za ta ba shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, mun faɗi na wasu, saura namu, domin laifi tudu ne. Gaskiyar magana, da yawa daga cikinmu ba ma son a kalle mu muna koyarwa. Mu ne masu ba da jarrabawa, masu jan biro a littafin yaro, amma in abokin aiki ya ce zai zauna a bayan aji sai gabanmu ya faɗi. Wanzami ba ya son jarfa. Akwai mai tsoron a gano cewa shi kansa bai fahimci rabawa mai tsawo ba, ko kuwa Turancinsa yana da rauni, don haka yakan tsallake babin ya wuce. Akwai mai rowar sani, wanda yake ganin in ya bayyana dabararsa darajarsa za ta ragu. Akwai mai digiri da yake ganin ya wuce koyo daga mai NCE, da dattijon da ba zai saurari yaron jiya ba, da namijin da ba zai yarda mace ta gyara masa ba. Akwai kuma abin da ya fi duka muni, wato tambayar da bita ta koya mana: da zarar an ce akwai zama, sai a ce, “Nawa za a bayar?” An saba mana da ambulan har ilimi ya koma abin da sai an biya mu muke karɓa. Har rigima mukan yi a kan wanda za a aika bita, ba domin abin da za a koyo ba, sai domin abin da za a ƙirgo.

Mun san abin da wasunmu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce: malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda ƙarin girmansa ya tsaya a takarda, wanda da an tashi yake wucewa gonar masara ko ta rake ko ya hau babur ya yi haya, shi za a ce ya ƙara zama? Za a ce: ajin da ba benci, rufin yana yoyo, yara sun haura ɗari, wace dabara ce za ta yi aiki a ciki? Za a ce kuma ƙungiya ta tsaya a kan haƙƙi, ta bar wa hukuma horo. Amsarmu ita ce, ba mu sauka daga neman haƙƙinmu ba ko da taku ɗaya, kuma ba za mu sauka ba. Amma ajin yara ɗari shi ne ma ya fi buƙatar dabara, kuma dabarar tana wurin wanda ya rayu a cikinsa, ba wurin wanda ya karanta labarinsa ba. Yaran da ke aji biyu bana kuma ba za su tsaya su jira a gyara mana komai ba. Baɗi suna aji uku, ko sun iya karatu ko ba su iya ba. Yawancinsu 'ya'yanmu ne da na ƙannenmu da na maƙwabtanmu, domin malamin ƙauye ba shi da kuɗin makarantar kuɗi.

Mu kuma tuna da abin da ya faru a ƙetaren iyakarmu. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, ta sallame su. Ƙungiyarmu ta yi tir da yadda aka yi, ta tafi yajin aiki, kuma har gobe muna da ja a kan auna malami da takardar rana ɗaya. Amma mu da muke iyaka da Kaduna mun ga gidajen da abin ya shafa. Mun kuma ga cewa jama'a da yawa ba su tsaya mana ba, saboda an nuna musu takardun amsa a jarida, mu kuwa ba mu da abin nunawa na cewa muna gyara kanmu da kanmu. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙungiyar da take iya cewa, “Ga zaman da mambobinmu suke yi kowane mako biyu, ga abin da ya sauya a karatun yara,” ita ce take zuwa teburin tattaunawa da ƙarfi. Sana'ar da ba ta duba kanta, wani ne zai zo ya duba ta, kuma ba da tausayi ba.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba ya buƙatar ko sisin wani. A kowace makaranta, malamai su zauna sa'a guda sau ɗaya a mako biyu. Inda malamai ba su kai huɗu ba, makarantu biyu ko uku da ke tafiyar ƙafa ko ta keke su haɗu, yau a nan, wani zaman a can. Kada a wuce mutum goma, domin kowa ya sami bakin magana. Kowane zama a ɗauki matsala guda tak, wadda ta fito daga aji: yaran aji biyu suna rikita “b” da “d”, ko 'yan aji huɗu sun kasa gane rabi da kwata, ko 'yan mata ba sa ɗaga hannu. A kawo littattafan yara a baje a duba tare. Mutum ɗaya ya nuna yadda yake koyar da abin, a shirya darasi tare, a sa ranar da za a je a kalla. Masu kallo su rubuta abin da yara suka yi da abin da suka faɗa, ba aibin malami ba. A yi magana da Hausa, harshen da muke tunani da shi. A riƙa juya shugabancin zaman, yau dattijo, gobe matashi, jibi malama. A sa lokacin da matan aure za su iya halarta ba tare da an bar gida ba kowa ba. A gayyato waɗanda suka yi ritaya a garin, domin da yawansu za su zo da murna. A ajiye littafi guda a makaranta da za a riƙa rubuta dabarar da ta yi aiki, domin wanda zai zo bayanmu ya tarar da wani abu.

Sharaɗi guda ne ba za mu yi sassauci a kansa ba: abin da aka gani a wannan zama ba ya shiga fayil ɗin kowa. Ranar da aka mayar da shi hanyar kai rahoto, ko aka ɗora shi a kan ƙarin girma ko sauyin wurin aiki, ranar ya mutu, domin ba mai bayyana rauninsa a gaban wanda zai kai shi ƙara. Malamin da ya ce, “Ni fa ban gane wannan babin ba,” ya yi jarumta, kuma amana ce a wuyan duk wanda ya ji. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Haka kuma ba ma so a mayar da zaman wani sabon fam da za a cike a aika ofis, a rubuta an yi alhali ba a yi ba.

Ga hukuma kuma muna da buƙatu uku. Na farko, sakatarorin ilimi na Rogo da Ƙaraye, tare da hukumar SUBEB, su amince da wannan sa'a a cikin jadawalin makaranta, ta zama aiki ce ba alfarma ba. Na biyu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ilimin tushe, kuma a ciki akwai kaso na musamman domin horar da malamai. Muna neman a karkato da wani abu daga ciki zuwa makarantu, ya zama alli da kwali da takarda da man babur na mai zuwa makarantar maƙwabta, maimakon ya ƙare a kuɗin ɗakin taro da abinci. Na uku, duk wanda aka aika bita, a zaɓe shi saboda darasin da yake koyarwa, kuma in ya dawo ya koyar da darasin a gaban 'yan uwansa, ba ya ba da labari ba. Gwamnatin jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Gina azuzuwa da ɗaukar sabbin malamai abu ne da muka daɗe muna nema, amma sabon malamin da aka jefa aji shi kaɗai, ba mai kama hannunsa, zai shekara biyar yana lalube a kan abin da na kusa da shi zai iya nuna masa a mako guda.

Ku kuma iyalanmu, uwargida da maigida da 'ya'ya, in mai gidanku ko matar gidanku ta yi jinkirin sa'a guda sau biyu a wata, ku yi haƙuri, ku ma tambaye su abin da aka tattauna. Mutuncin malami a gari mutuncinku ne, kuma ba abin da ke sayen wannan mutunci kamar uba ya ga ɗansa ɗan aji biyu ya ɗauki takarda ya karanta masa.

Ba ma jiran takarda daga birni. Wakilan reshe a kowace mazaɓa, daga Jajaye zuwa Beli, daga Gwangwan zuwa Turawa, su tuntuɓi shugabannin makarantu kafin zango ya raba, a sa rana. Mu da muke shugabancin reshe mu za mu fara buɗe ƙofofin azuzuwanmu, domin bai kamata mu kira mutane ga jarfar da muke gudu ba. Kai kuma ɗan uwa, ranar Litinin in ka sami darasin da ba ka da aji, kada ka zauna gindin bishiya. Taka zuwa ajin da ke kusa da naka, ka yi sallama, ka ce, “Malama, ko za ki ba ni izini in zauna a baya in ga yadda kike yi?”